Mai Gyaran Fanka a Babi na Huɗu

Zuwa ga Injiniyana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya aikin gada? Yaya kuma ciwon bayan da ka ce wa Mama ya warke, ni kuma ka ce mini yana nan? Mun haɗa maganganun biyu, mun gano wadda kake yi wa ƙarya. Tun da wayarku ba ta kamawa sai an hau tudu, na koma wa takarda. Direbanku ya ce zai riƙa kai maka duk lokacin da ya zo ɗaukar kaya.

Yara lafiya lau. Babbar ta fara sa takalmana ba tambaya, ƙaramar kuma haƙorinta na gaba ya faɗi, in tana magana iska na bi ta wurin. Surukarka Mama tana gaishe ka. Idon nata sai a hankali. Likita ya ce a lallaɓa ɗan hasken da ya rage, kada a sa ran ƙari. Kunnen kuwa ka san shi, ko cokali aka ajiye da ƙarfi a kicin sai ta tambayi wa aka ɓata wa rai.

Ka tambayi littafin. Na fara, kuma jaridarmu tana buga shi babi-babi kowace Asabar. Edita ya ba ni shafi guda cur, abin da bai taɓa yi mini ba duk shekarun da na yi ina kawo masa labaran kotu. Na san za ka ce fatalwa ce kuma. E, fatalwa ce kuma. Wannan karon saurayi ne da aka tsinci gawarsa a gefen hanya, ’yan sanda suka yi ta kai da kawowa har maganar ta shiririce. Sai ya dawo unguwarsu yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba mai ganinsa sai yayarsa.

Kada ka taɓe baki, ina hango ka daga nan. Ba labarin ƙanena Auta ba ne. Gaskiya ne shi ma a gefen hanya aka tsince shi, kuma har yau ba a san wanda ya kashe shi ba, amma na ga irin wannan ba adadi a kotu, ba a gidanmu kaɗai aka yi ba. Saurayina dogo ne, Auta gajere. Saurayina malamin makaranta ne, Auta kuwa ka san daƙyar aka raba shi da sakandare lafiya. Allah ya jiƙansa, na bar shi inda yake.

Aikin yana tafiya yadda ka sani. Teburina yana jikin taga, ina rubutu ina kallon titi, duk wanda ya wuce in ɗan yanki wani abu a jikinsa: tafiyar wannan, tarin wancan, dariyar wani. Aikin jarida ya lalata ni, abin da ban gani ba ba na iya rubuta shi. Kai kanka a littattafaina ka taɓa zama alƙali, ka zama gawa, ba ka kai ƙara ba.

Ranar Laraba da la’asar kuma nakan karanta wa Mama babin kafin in miƙa, saboda kunnenta ya fi na edita. Makon jiya ta ce fatalwar tana magana kamar sanarwar gwamnati, na sake shafin. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: da na gama, ta tambaye ni yaushe yaron zai faɗi sunan wanda ya kashe shi. Na ce sai babin ƙarshe, kamar sauran littattafan. Ta ce to, tana jira.

Maigyara yana gaishe ka, abokin Auta mai shagon fanka a tsallaken titi. Har yanzu kullum kafin ya buɗe shago sai ya tsallako ya durƙusa ya gaida Mama, ita kuma ta ce ɗana ya zo. Shi ya kai ta asibiti ranar da na makara a ofis.

Ka riƙa cin abinci kan lokaci, ka daina ɗaga abin da akwai masu ɗaga shi. Muna kewarka, ni na fi kowa, amma kada ka faɗa wa ƙaramar.

Taka,
’Yar jarida

*

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aiki. Wasiƙarka ta iso. Na karanta wa yara rabin da ya dace da su, sauran na ajiye wa kaina. Mu duka lafiya, jiki dai ba abin da ya same shi.

Na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga gare ni. Bari in jero maka ita daki-daki.

A irin littattafan nan dole a samu mutumin da mai karatu zai yi ta zargi har kusan ƙarshe, alhali ba shi da laifin komai. Shi ke ɗauke hankalin mutane daga mai laifin gaske. A babi na huɗu na sa fatalwar ta tsaya a ƙofar wani mai gyaran agogo, ta daɗe a wurin fiye da yadda ta daɗe a ƙofar kowa. Ina cikin rubutu na buƙaci jikin da zan ba mutumin, na ɗaga kai, sai ga Maigyara a bakin shagonsa yana goge hannu da tsumma, hannun da ba datti a jikinsa, kafaɗar hagun nan tasa a sauke. Na ɗauka na saka. Na mai da fanka agogo, na ɗauka na ɓad da sawu. Dalilina ma shi ne ba wanda ya kai shi sanyin hali a titin nan, don haka ranar da aka wanke shi a labarin mai karatu zai ji kunyar kansa.

Abin da ban duba ba shi ne, shi ne na ƙarshe da ya ga Auta da rai, kuma ’yan sanda sun tsare shi ’yan kwanaki kafin su sake shi. Ba mantawa na yi ba. A wurina magana ce da aka rufe tun tuni, shi ya sa ko a raina ba ta zo ba. Ashe a unguwa ba a rufe ta ba, ajiye ta aka yi.

Ka san mai aski yana karanta wa jama’a shafin da ƙarfi duk Asabar. A bencinsa aka yanke hukunci. Wai na yi aikin kotu, na ga fayil ɗin, ba ni da ikon faɗa a fili shi ya sa na sa maganar a bakin fatalwa. Matar mai kemis ta kama hannuna a kan hanya ta matse, ta ce Allah ya saka mini, sun gane. Na tsaya ina yi mata bayanin yadda ake gina labari, tana ta gyaɗa kai tana cewa ai ba sai na faɗa ba. Cikin zafin nan mutane suka je shagon Maigyara suka karɓe fankokinsu ba a gyara ba. ’Yarsa tana aji ɗaya da babbarmu, an faɗa mata a filin wasa. Babbar ta dawo ta ƙi cin abinci, ta tsare ni da ido ta tambaye ni ko gaskiya ne, in kuma ba gaskiya ba ne me ya sa na rubuta. Na yi hira da manyan mutane a aikina, ba wanda ya taɓa ƙure ni haka.

Mafi muni shi ne Mama. Ranar Litinin Maigyara ya zo gaisuwa, ta aika ƙaramar ta ce masa tana kwance, alhali tana zaune a falo rediyo na kunne, kuma yana jin muryarta tana ba da saƙon. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya. Washegari haka. Daga nan bai sake zuwa ba.

Na zauna da ita na ce ƙirƙira ce, mutumin ma wanke shi za a yi a ƙarshe. Ta ce idonta ne ya mutu ba kunnenta ba, ta san kafaɗar nan tun yana yaro suna cin abinci a kwano ɗaya da Auta. Ta ce hannuna ya rubuta abin da bakina ya ƙi faɗa. Ba kuka ta yi ba, a natse ta faɗa, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Na roƙi edita ya buga sanarwa cewa labarin bai shafi kowa ba. Ya ce sanarwar ita za ta ƙara tabbatar musu. Na yi fushi, amma ya fi ni gaskiya.

Ka yi mini addu’a. Da kana nan da ka yi mini dariya tukuna, sannan ka gaya mini abin yi. Ko dariyar ce ina so.

Matarka,
’Yar jarida

*

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, bayan kuma ya yi sauƙi na gaske, ba irin na wasiƙa ba. Yara suna gaisuwa. Na gode da ba ka ce ai na gaya miki ba, ko da yake na ji ta tana motsi tsakanin layuka.

Na tsallaka na sami Maigyara. Ban taɓa lura da yadda shagon yake da faɗi ba sai da ya zama ba kaya. Saura fankoki kaɗan a jikin bango kansu a sunkuye, da naɗin waya ja a kan kanta, da warin dalma. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya kira ni Yaya yadda Auta ke kirana, ya tambayi lafiyarka da ta yara ɗaya bayan ɗaya. Tsumman yana hannunsa. Da ya ga idona ya sauka a kai, sai ya mai da hannun baya ya ɓoye shi. Injiniya, wannan ban san ranar da zai bar raina ba.

Na ba shi haƙuri, na yi masa bayani tun daga farko. Ya ce shi bai karanta ba, matarsa ce ta karanta masa, kuma ya ce rubutun ya yi daɗi, har ya so ya ji abin da zai faru da mai agogon. Masu fanka kuma wai kada in damu, zafi zai koro su. Abin da ya gaya wa ’yan sanda a lokacin shi ne dai abin da ya sani har yau: sun rabu a bakin shago, Auta ya ce sai gobe. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko Mama da gaske ba ta da lafiya. Na kawar da kai na kalli fankokin. Ya ce to, ba komai, in gaishe ta.

Shawararka ta iso, cewa in gaggauta babin ƙarshe in fito da mai laifin kowa ya huta. Haka na yi niyya. A tsarina mai gidan hayar saurayin ne ya kashe shi. Sai na koma na karanta yadda na siffanta shi: zobe a ƙaramin yatsa, da dariyar da ba ta da sauti sai kafaɗa ke rawa. Ka gane shi? Mai kemis ne. Duk wanda na nuna a littafin nan yana da fuska a titinmu, domin daga titin na kwaso su duka. In na sauke wa Maigyara, wani zan ɗora wa.

Ka ce ko in kawo baƙo daga wani gari ya zama shi ne. Mai karatu zai ce an cuce shi, wannan da sauƙi. Amma bencin mai aski cewa za su yi an tsorata ni na canza, Mama kuma ta soma jiran baƙo.

Yanzu ga abin da kake jira, ka ji daɗinka: labarin Auta ne. Na ƙara masa tsawo na ba shi allo da alli, amma shi ne. Kuma ban san wanda ya kashe shi ba. Editana na farko, Allah ya jiƙansa, yakan dawo mini da rahoto ya ce abin da ban sani ba in rubuta cewa ban sani ba, shi ma labari ne. Na bi wannan a jarida. A littafi ne na saba yi wa kaina rangwame, saboda matattun na wasu ne, kuma ni na ƙirƙire su.

Na san abin da zan rubuta. Edita ba zai so shi ba, masu karatu ma haka. Mama nake tsoro. Tun da Maigyara ya daina zuwa ba ta cin abin kirki da safe, takan zauna fuskarta na kallon ƙofa, in na yi magana ta ce iska take sha.

Ka kula mini da kanka.

Taka har kullum,
’Yar jarida

*

Injiniyana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk wanda ke kula da kai a can. Mun ji gadar ta haɗe, yara sun yi ta tsalle, ƙaramar tana gaya wa kowa babanta ya ɗinke kogi. Mu lafiya, alhamdu lillahi.

An buga babin ƙarshe. Ga abin da ke ciki. Yayar ta gaji ta tsare fatalwar ta ce ya faɗi sunan. Sai ya ce bai sani ba. Ta baya aka buge shi, bai ga komai ba sai ƙasa. Bin mutanen da yake yi ba nuna su yake ba, shi ma tambaya yake, ko akwai wanda ya gani. Ƙofar mai agogo kuwa ya daɗe a wurin ne saboda duk unguwar shi kaɗai ke ba da labarinsa yana dariya. Kowa in zai ambace shi sai ya sassauta murya, mai agogo kuwa har yau yana ba yara labarin ranar da suka faɗa kwata da keke. Wannan ban ƙirƙira ba, ka sha jin Maigyara yana ba da shi.

Edita ya karanta a tsaye. Ya ce fatalwar da ba ta san komai ba me ta dawo yi, yawon buɗe ido? Na ce ko ya buga haka ko ya cike shafin da tallan katifa. Ya kira ni da sunaye masu yawa, ya buga.

Ranar Laraba na karanta wa Mama. Ba ta katse ni ko sau ɗaya ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da na ajiye takardun ta ce na ba matattun kowa sunan wanda ya kashe su, nata kaɗai na hana. Can sai ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce in gaya mata tsakanina da Allah, da gaske ban sani ba? Na rantse mata. Na ce na karanta fayil ɗin tun daga bangon farko har na ƙarshe a lokacin, na bi duk wanda ke ciki, babu komai. Sai ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka na sani, ina ɓoye mata ne saboda zuciyarta. Ta ce kowane littafi da na karanta mata, saurare take ko zan yi suɓul da baka.

Ka ji fa. Ni ina murna na samu editar da ba ta gajiya, ashe abin da take jira ke nan. Ta yi kuka ranar, irin wanda ba ta yi ba ko lokacin rasuwar. Na zauna a ƙasa na ɗora kaina a cinyarta kamar ba ni na haifi yara biyu ba.

Kada ka ɗauka jarida ta gyara abin da ta ɓata. Ranar Asabar bencin mai aski ya rabu biyu, wasu na cewa na cuce su, wasu na cewa ai dama sun san za a rufe mini baki. Shagon Maigyara yana nan yadda yake.

Ranar Litinin da hantsi, lokacin da titi ya fi cika, Mama ta yi wanka ta sa kayan fita, ta kira babbar ta ce ta kama mata hannu. Ba ta gaya mini inda za ta ba. Na bi su a baya ba ko mayafin kirki. Suka tsallaka, motoci na tsayawa, har bakin shagon. Tun kafin ta isa ta ɗaga murya yadda har mai aski zai ji, tana cewa ina ɗan nan nata mara kirki da ya yashe ta, tsohuwa makauniya sai ta taso da kanta ta zo gaishe shi? Kamar shi ya yi laifin! Ya fito da gudu ya zube a gabanta. Ta dafa kansa ta ce ya tashi ya ba ta kujera, ƙafarta ba ta ƙarfe ba ce.

A nan ta zauna har azahar. Duk wanda ya wuce ta gane shi da murya ko da takunsa, ta kira shi, ta tambayi iyalinsa, sannan ta ce ba ka ga ɗana ba ne, ba za ka gaishe shi ba? Matar mai kemis ta so ta zille ta bayan wata mota, Mama ta ce ta ji ƙarar takalminta, ta dawo. Da yamma na ga an shigar da fankoki biyu. Ba duka suka dawo ba, wasu ƙila ba za su dawo ba. ’Yarsa ta koma zama kusa da babbarmu a aji, amma matarsa har yanzu a taƙaice take amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Yau da safe bayan Maigyara ya zo gaisuwa ya tafi, Mama ta kira ni ta ce tana da buƙata. Ba ta taɓa zuwa wurin da aka tsinci Auta ba. A lokacin mun hana ta, daga baya ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu tana so a kai ta, ta tsaya a wurin ta yi masa addu’a. Na ce ba abin da za ta gani sai kwalta da ciyawa. Ta ce dama me take gani? Ta ce mu uku za mu, ni da ita da ɗanta Maigyara, domin shi ya san wurin daidai, shi aka kira ya shaida gawar. Ta ce kuma ba ta yarda da tuƙina ba, a jira ka ka kai mu.

Saboda haka ka gama abin da ya rage ka taho. Na ce mata ƙarshen wata, kada ka sa in zama maƙaryaciya a gabanta, yanzu ne ta fara yarda da ni.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Yara suna gaisuwa, Mama tana sa maka albarka.

Taka, mai jiranka,
’Yar jarida